Facin Zuciyar Malam

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya. Ya ƙafar taki, ya yara da jikoki, ya kuma ɗawainiyar kajin da na jibge miki a tsakar gida? Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci. Mu ma nan sai godiya.

Na san kin ce in riƙa kiranki a waya, to amma ni da ke mun san yadda ake ƙarewa. Ina ihu kina cewa "me?", har maƙwabta su gama jin sirrinmu ke ba ki ji ba. Shi ya sa na koma ga takarda. Direban nan na bayan layinku yana shigowa da kaya duk mako, ya ce zai riƙa kai miki har ƙofar gida.

Mun samu ɗaki a bayan asibitin, a ƙasa, ba hawan bene. Gado ɗaya ne da kujera da wata taga mai kallon wurin ajiye motoci. Game da jikin Malam, ba zan ɓoye miki ba. Kin tuna mutumin da ke zagaye filin makaranta a guje, usur a baki, yara na biye da shi suna haki? Yanzu daga gado zuwa ƙofar banɗaki sai ya tsaya ya dafa bango. Ƙafafu sun kumbura har takalmansa sun ƙi shi, barci kuwa sai a jingine. Baki ne kawai ciwon bai taɓa ba, yana nan yadda kika san shi.

Babban likita ya zaunar da mu ya yi mana bayani. Ya ce lokacin da jijiyar jini ta toshe masa bara, wani gefe na tsokar zuciyar ya mutu ya zama tabo. Tabo ba ya motsi, zuciya kuma ba ta sake tsiro kamar yadda fata ke yi. Sauran tsokar ce ke ɗaukar aikin duka, har ta gaji. To kin tuna jinin da suka ɗiba a zuwanmu na farko, watannin baya? Ashe tun lokacin suke aiki a kansa. Sun tsamo wasu ƙwayoyi daga ciki, suka yi ta lallaɓa su har suka koma irin ƙwayoyin tsokar zuciya. Kada ki tambaye ni yadda jini ke zama tsoka, ni ma kai kawai na gyaɗa. Yanzu sun shimfiɗa su a kan wata 'yar raga mai laushi, wadda aka yi da abin da jiki ba ya ƙyama. In sun kama sun yi ƙarfi, sai a buɗe ƙirjin a ɗinka a kan tabon. Ragar za ta narke da kanta a hankali, ta bar naman.

Malam ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Wato dai faci za ku yi mini, kamar tayar keke." Likita ya yi dariya ya ce bai taɓa jin wanda ya taƙaita masa aikinsa haka ba. Tun daga ranar kowa a nan faci yake cewa.

Sai dai bayan dariyar ya gyara zama. Ya ce abin sabo ne, gwaji ake yi, ba zai yi mana alkawarin komai ba. Ya ce kuma facin ɗaya ne. In ya lalace, kafin a reni wani sai an sake watanni, zuciyar Malam kuwa ba za ta jira ba. Ya kuma hana shi doguwar tafiya. Yaya, maganar nan ta zauna mini a ƙirji kamar dutse. Bayansa wata siririyar mata mai tabarau, wadda ita ce ke kula da ƙwayoyin, ta daɗe tana mana bayanin ɗakin aikinsu da ƙa'idojinsa. Ina kallon bakinta yana motsi, amma ko kalma ɗaya ban riƙe ba. Ba za ta girmi babbar 'yata ba. Malam ya riga ya laƙa mata suna, Mai Reno, ta kuma amsa.

Batun kaji, a riƙa sauya musu ruwa da safe, kada a bar dusa ta jiƙe. Waɗanda aka ƙyanƙyashe kwanan nan kada a kashe musu fitila ko da rana ce, kin san tsako da sanyi ba sa ga-maciji. Na san halinki na son shara, don Allah a riƙa duba abin da ake sharewa.

Ki gaishe mini da kowa da kowa. Malam yana gaishe ki, ya ce a gaya miki har yanzu bai yafe miki dariyar da kika yi wa gajeren wandonsa ranar da ya fara zuwa gidanmu ba.

Taki har kullum,
ƙanwarki, Uwar Kaji

*

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso, na karanta wa Malam har sau biyu. Na ji daɗi da kika ce ƙafar ta yi sauƙi. Maganar zakaran da kika ce yana tsare miki hanya, ki riƙe tsintsiya kawai, matsoraci ne.

Yaya, na ga abin mamaki, ina ma a ce kina kusa.

Ɗakin da suke renon facin yana ƙarshen wani dogon baranda. Ba mai shiga sai ya rufe jikinsa ruf, kai da baki da hannu da ƙafa, domin ƙura kaɗan ko numfashin mutum na iya ɓata aikin wata da watanni. Amma akwai babbar taga ta gilashi da ake hango ciki. Suna da wani akwati mai ƙofa wanda ɗumin cikinsa daidai yake da na jikin mutum, a ciki abin yake kwana yake tashi, cikin wani jan ruwa da ake sauya masa, shi ne abincinsa. Wannan kam na gane shi ba sai an yi mini fassara ba. Na ce wa Malam ai injin ƙyanƙyasa ne, sai dai nasu ya fi nawa tsada.

Na turo Malam a keken marasa lafiya har gaban tagar. Mai Reno ta fito da wani ɗan faranti daga akwatin, ta sa shi ƙarƙashin madubin nan mai ƙara girman abu, ta juyo mana da allo yadda za mu gani. Da farko ban ga komai ba sai wani abu toka-toka kamar kumfar sabulu. Can sai na ga gefe ɗaya ya motsa. Ya tsuke, ya saki. Wani gefen ma ya yi. Yaya, bugawa yake yi! Ba zuciya, ba ƙirji, ba mutum, amma yana bugawa, kuma daga jinin mijina ya fito. Ban san lokacin da na damƙe hannun Malam ba, tsigar jikina duk ta tashi.

Shi kuwa ya ƙura wa allon ido, har na zaci kuka zai yi. Sai kawai ya girgiza kai ya ce, "Waɗannan ba su da tarbiyya. Kowa tafiyarsa yake yi."

Da Mai Reno ta fito ya maimaita mata, sai ta ce wallahi ya faɗi gaskiya, matsalar ke nan. Ta ce haka suke farawa, kowace ƙwaya da nata bugun. In aka ɗora su haka a kan zuciya, rikita ta za su yi. Saboda haka akwai na'urar da ke jan ragar a hankali tana saki, tana kuma ba ta ɗan tsikarin lantarki a kai a kai, har ƙwayoyin su yi ƙarfi su koyi bugawa tare. Ba za a yi tiyata ba sai sun haɗa kai.

Kin san wanda aka gaya wa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koya wa 'ya'yan mutane ɗaga ƙafa tare! Ya ce, "Fareti ke nan. Da kun faɗa tun farko ai da na kama muku." Yanzu ba ya kiran su komai sai 'yan ajina. Kullum da hantsi, lokacin da ta ce mu riƙa zuwa, sai na tura shi can. Ya zauna gaban gilashi yana buga hannun keke da yatsa, yana hagu, dama, hagu, dama. Masu shara har tsayawa suke yi suna kallonsa. Mai Reno ta ce ba ta da hujjar cewa suna jin sa, amma ba ta da hujjar cewa ba sa ji, don haka ya ci gaba. A 'yan kwanakin nan kuwa rabi sun fara tafiya tare. Ya ce sauran 'yan bayan aji ne, ya san maganinsu.

Har kishi ya so ya kama ni. Ni da nake fama da shi ya ci cokali biyu ya ture, amma ranar da 'yan aji suka yi abin kirki sai ya cinye kwanon tas.

Abu ɗaya zan gaya miki wanda ban gaya wa kowa ba. Ashe ya taho da usur ɗinsa a aljihu. Shekaranjiya na dawo daga shanya na tarar ya sa shi a baki yana gwadawa. Iska ce kawai ta fito, ko ƙara babu, sai tari ya biyo baya. Na koma da baya na tsaya a waje har ya mayar da shi aljihu, sannan na shigo ina mita a kan tsadar sabulu. Raina ya sosu ƙwarai, Yaya. Da yamma na ɗora ƙafafunsa a cinyata ina murzawa, kullum sanyi ƙalau suke yanzu. Ya ce da ya san haka ciwo ke da gata da tuni ya kwanta.

Ki ci gaba da yi mana addu'a. A gaida yara.

Ƙanwarki,
Uwar Kaji

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri da rubutun.

Wannan takardar da hannuna zan miƙa miki, domin gobe muna tafe. Na rubuta ne saboda maganar ba ta ihu ba ce, ba zan iya tsayawa a tsakar gida ina ɗaga murya a gabansa ba. Ki karanta, ki yi shiru, ki rungume ni kawai.

Facin ya mutu.

Yau an tashi da ruwa, Malam kuma ya kwana da nauyin ƙirji, ya kasa fita. Ya ce in je in dubo masa 'yan aji. Kafin in ba shi magani in gyara shi in jira ruwa ya tsagaita, lokacin zuwanmu ya wuce sosai. Na isa na tarar allon a kunne, farantin yana ƙarƙashin madubi. Na tsaya ina jiran ya motsa. Yaya, na daɗe a tsaye. Ko gezau. Abin da jiya yake tsukewa yana saki yana kwance shiru kamar hoto. Mai Reno ba ta ciki, sai wani mutum da ban sani ba. Ya ɗago ya gan ni, ya girgiza kai, ya yi mini alama da hannu in tafi.

Na san za ki ce me ya hana ni tambaya. Tsoro ne. Gani nake muddin ba a faɗa mini da baki ba, da sauran wani abu. Na fita na yi ta zagaye wurin ajiye motoci cikin yayyafi, na wanke fuska a famfo, na shiga ɗaki da murmushina na ce masa suna gaishe shi.

Labarin zuciya a tambayi fuska. Mutumin da muka tsufa tare, ina zan ɓoye masa? Ya dube ni ya ce in zauna. Ya ce, "Sun tsaya, ko?" Sai kawai na fashe.

Bai yi kuka ba, shi ne ma yake lallashina. Ya ce Allah ne Ya ba da, Shi ne Ya karɓa, 'yan ajinsa sun yi iya ƙoƙarinsu. Sannan ya ce in miƙo masa waya. Ya kira direba, aka yi sa'a ko rashin sa'a yana gari yana sauke kaya, suka shirya zai ɗauke mu gobe da sassafe. Na tuna masa likita ya hana shi doguwar tafiya. Na roƙe shi mu je mu ji daga bakinsu tukuna. Ya ce ba zai zauna gaban likita, yaro sa'ar ɗansa, yana kallonsa yana laluben kalmar da zai lallashe shi da ita ba. Ya ce an riga an gaya mana facin ɗaya ne, ai magana ta ƙare. In dai jira ne ya rage, gara ya yi shi a ɗakinsa, inda yake jiyo hayaniyar yara a filin makaranta, ba inda yake kallon bayan motoci ba. Kin san shi in ya kafe.

Abin da ya fi karya mini zuciya, ya zaro usur ɗin ya sa mini a tafin hannu, ya ce in ajiye, shi ya gama da shi.

Na haɗa kaya. Yanzu ya samu barci ya ɗauke shi, ni kuma ina zaune bakin taga, la'asar ta yi, ruwa ya dawo. Ban sani ba ko zai kai gida, Yaya. Hanyar nan da tsawo, ga gargada. Ina jin tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

In mun iso lafiya, alfarma ɗaya nake nema. Ki ci gaba da riƙe kajin a wurinki, ba ni da zuciyarsu yanzu. Tunda ruwa ya kankama, a rufe gefen akurkin da buhu, a matso da fitila ƙasa. In kuma kin tashi da safe kin ga wani tsako ya sandare, ƙafa a miƙe, ido a rufe, don girman Allah kada ki share shi. Ki sa shi cikin rigarki ya ji ɗumin jiki, ki ba shi lokaci. Kin tuna Inna takan ce ba a yanke wa tsako hukunci da sanyi a jikinsa, sai an ɗumama shi an ga

Yaya.

Ɗakin renon nan nasu sanyi gare shi kamar cikin firji, har gilashin sanyi yake yi. Kuma a waje na ga abin, ba a cikin akwatin ba. Ban san tun yaushe yake waje ba.

Bari in je

*

Yayata ta kaina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da iyali. Za ki ga takardu biyu a ambulan ɗin nan. Ki fara da mai tabon ruwa, wadda ba ta da sa hannu, amma kada ki yi kuka, ki daure ki zo ga wannan. Na so in yaga ta, Malam ya ce a'a, a aika miki ki ga aikin ƙanwarki.

Ba mu taho ba. Facin yana nan da ransa.

Da na ajiye alƙalami na fita a guje cikin ruwa, sai a baranda na lura silifas ɗin Malam ne a ƙafata. Ni da ban yi gudu ba tun ina budurwa! Na isa tagar na shiga buga gilashi da tafin hannu, abin da aka rubuta ɓaro-ɓaro kada a yi. Mai Reno tana shirin tashi daga aiki. Ta fito ta gan ni jiƙe sharkaf ina haki, ta zaci Malam ne ya faɗi. Na ce mata, "'Yata, gaya mini gaskiya, mutuwa ya yi ko sanyi ne?"

Ta dube ni, ta cire tabarau, ta ce, "Mama, wa ya ce miki ya mutu?"

Ashe abin da ake nuna mana a allo ba shi ne facin ba. Ɗan ƙaninsa ne, gutsuren da aka rena tare da shi don gwaji, domin shi ainihin facin ba a fito da shi ana wasa da lafiyarsa. Ranar sun fito da ƙanen suna wani dogon awo, ya daɗe a waje ya huce. Su kuwa ƙwayoyin nan in suka ji sanyi sai bugunsu ya yi ta raguwa har su yi shiru, in an mayar da su ɗumi su farfaɗo. Shi ya sa ta sa mana lokacin zuwa, don mu gan shi yana fitowa da ɗuminsa. Mutumin da ya girgiza mini kai cewa yake ba yanzu ba, in dawo an jima. Ta ce duk wannan ta faɗa mana tun ranar farko. Na ce na ga dai bakinta yana motsi.

Da ta ji mun haɗa kaya har an kira mota, Yaya, yarinyar nan ta yi mini faɗa kamar ita ta haife ni, na kuma tsaya na sha, domin na ci. Ta ce hanyar nan kaɗai ta isa ta kashe shi. Ta biyo ni har ɗaki da lemarta ta gaya wa Malam da bakinta. Ya saurare ta, ya ce ya gode, amma gani ya kori ji. Muka naɗe shi da bargo, ni ina tura keke ita tana riƙe masa lema, har gaban taga. Ta shiga ta sake shiri tun daga farko saboda mu, ta fito da ƙanen daga akwati.

Yana bugawa. Kuma ba irin na da ba, gaba ɗaya yake tsukewa ya saki, tun daga wannan gefe har wancan, ba wanda ya makara. Malam ya ɗaga yatsa yana bin su, ya jima yana neman ɗan bayan ajin da zai kama, bai samu ba. Sai na ga hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "To, yanzu kun zama mutane." Bai ko juyo ba ya miƙo mini hannu ya ce in ba shi kayansa. Na zaro usur na ba shi.

Daren jiya ban yi barcin kirki ba, ina ta tunanin da ban zauna rubuta miki maganar kaji ba, da yanzu muna kan hanya. Ni da nake koya wa mutane kada su yar da tsako, ni ce na kusa yar da mijina, don kawai na ji tsoron buɗe baki. Matambayi ba ya ɓata, na sani tun ina yarinya, amma ranar da nake bukatarsa ya gudu ya bar ni. Malam ya ce in daina cin kaina, shi ma ai girman kai ne ya hana shi zuwa ya ji, kuma shi da kunnensa aka yi bayanin, yana can yana shirya barkwancin tayar keke. Amma fa ya samu abin tsokana har ƙarshen rayuwa. Ko shayi na kawo ya huce sai ya ce kada in zubar, a ɗumama a gani.

Direba ya zo da sassafe ya tarar muna kwance kaya. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, shi zai kawo miki wannan. Babban likita ya duba sakamakon awonsu ya ce facin ya nuna, an sa tiyata mako mai zuwa. A taya mu da addu'a, a gaya wa yara.

Ƙanwarki mai gudu da silifas ɗin miji,
Uwar Kaji

*

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na san yara sun gaya miki a kunne cewa an yi an gama, amma na san ba za ki natsu ba sai kin ga rubutuna.

An shiga da shi da safe. Kafin su tura gadon ya damƙa mini usur, ya ce wannan karon ajiya ce, zai karɓa. Ina zaune a benci sai ga Mai Reno ta wuce tana tura wani ɗan akwati a hankali, kamar mai ɗauke da jariri. Ta dube ni ta gyaɗa kai. Na miƙe na ce, "Wannan gyaɗa kan me yake nufi?" Ta ce, "Yana nufin lafiya lau, Mama." Na daina fassara kan mutane, yanzu tambaya nake yi har a gaji da ni.

Sai bayan azahar likita ya fito. Ya ce sun ɗinka facin ya zauna daidai, zuciyar ba ta yi gardama ba. Ya ce amma kada mu yi gaggawa. Sai an yi watanni kafin a san ko jijiyoyin jini sun shiga sun ciyar da shi, ko ya kama aiki tare da sauran. Za mu daɗe a nan ana dubawa. Na ce mun ji, wannan karon kuma da kunne biyu na saurara, har na sa ya maimaita.

Ranar ta gilashi kawai na hango shi. Washegari, bayan sun cire masa bututun numfashi, suka bar ni na shiga. Na wanke hannu, aka sa mini riga da abin rufe baki. Yaya, na ga mutumin ya ƙanƙance a gadon nan, wayoyi ko'ina, fuska fayau, ido a rufe. Na taɓa hannunsa na ji shi kamar ƙarfen da ya kwana a waje. Tsohon tsoron nan ya dawo mini. Na juya na tambayi ma'aikaciyar jinya. Ta ce haka ake yi bayan irin wannan aiki, in dubi allon da ke saman kansa, kowane tsalle na layin nan bugu ne. Na ce ko zan iya ɗumama masa? Ta ce in yi, in dai ban taɓa wayoyi ba.

Na sa hannun tsakanin tafukana, na manna a ƙirjina, na yi ta hura masa ta cikin ƙyallen bakina. Ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Can na ji yatsa ɗaya ya motsa, yana buga bayan hannuna a hankali, hagu, dama. Ya buɗe ido da ƙyar. Leɓensa na motsi, muryar ta dushe, sai da na kai kunnena bakinsa.

Ya ce, "Uwar Kaji, kada ki yar da ni tukuna. Sanyi ne kawai."

Na yi dariya, na yi kuka, har ma'aikaciyar ta ce in na ci gaba za ta fitar da ni. Ban saki hannun ba sai da ya yi ɗumi.

Ki gaishe da kowa. Ki riƙe mini kajin har mu dawo, mu biyu in Allah Ya yarda.

Taki har kullum,
ƙanwarki, Uwar Kaji